Kawuna da Hayaƙin Sharada

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Bakina ya faɗi wannan kalma ba adadi tun ranar, amma har yau zuciyata ba ta gama yarda ba.

Kawuna, yayan mahaifiyata, a zaune ya rasu. A kan benci, cikin harabar kamfanin man girkin da yake yi wa aiki a Sharada, bayan sallar azahar. Ya jingina da bango, ya ɗaga kai yana kallon bakin dogon bututun hayaƙi. Haka yake zama kullum in ya idar da salla, shi ya sa ba wanda ya ga abin mamaki. Mutane suka yi ta wucewa suna gaishe shi. Direban tanka ya ce, "Injiniya, barka da hutawa." Mai shara ta zo da tsintsiya ta roƙe shi ya ɗan ɗaga ƙafa, da bai ɗaga ba sai ta zagaye shi ta wuce, domin kowa a kamfanin ya san in Injiniya yana karatun hayaƙi ba ya jin kira. Wannan ne ya fi tsaya mini a wuya. Ana ta gaida Kawu, ashe gawa ake gaisarwa.

Wanda ya fara ganewa shi ne amininsa, wani dattijo mutumin Filato da mu 'ya'yan dangi muke kira Baba. Shi ke kula da boila, babbar tukunyar da ke dafa wa kamfanin tururi. Ya fito ne ya kira Kawu ya zo ya duba masa wuta. Ya yi magana, shiru. Ya dafa kafaɗarsa, sai Kawu ya sulale gefe.

Ina cikin aji a kwalejin da nake koyarwa mahaifiyata ta kira ni. Muryarta ƙalau, kamar za ta aike ni kasuwa.

"Wai an ce Yaya ya rasu," in ji ta. "Kira shi ki ji."

Kuma na kira. Ni da nake koya wa manyan mutane lissafi, na tsaya a baranda ina kiran mamaci in tambaye shi ko gaskiya ne. Wayar ta yi ta ƙara, can aka ɗauka, na ji numfashin Baba. Na zauna a ƙasa da alli a hannuna.

Kafin magariba an kai shi makwancinsa. Gidan Kawu yana cikin unguwar da ke bayan masana'antu, kuma daga ciki muna jin keke napep suna ta sauke mutane har layin ya toshe. Na leƙa ta soro lokacin da za a fita da shi. Ma'aikata ne da kayan aikinsu, mai duk a hannun riga, wasu ko takalmin roba ba su cire ba. Ga mutanen Jigawa, ga 'yan Nijar masu ɗaukar buhu, ga matan kudancin Kaduna da ke sashen cika galan. Da aka yi sahu, Kiristocin cikinsu suka ja baya suka tsaya jikin katanga, huluna a hannu. Babu mai kuka da ƙarfi. Kowa kallon na kusa da shi yake yi, kamar ana jiran wani ya ce kuskure aka yi.

Bayan an dawo, Baba ya nemi iso ya tsaya a bakin ƙofar matar Kawu, wadda muke kira Hajiya, don ya yi mata gaisuwa. Ya buɗe baki, kalmar ta'aziyya ta ƙi fitowa. Abin da ya fito shi ne:

"Hajiya, wa zai riƙe mini wuta ranar Lahadi?"

Matan da ba su sani ba suka kalli juna. Mu mun sani. Boila ba a barinta ita kaɗai, kuma ba ta san ranar ibada ba. Tun suna da baƙin gashi, duk safiyar Lahadi Kawu yakan sa tsohuwar rigar aiki ya je ya zauna gaban wutar, Baba ya tafi coci. Ranar Juma'a kuma, duk abin da ya taso, Baba ba ya bari a kira Kawu sai an sauko daga masallaci. Babu wanda ya rubuta musu wannan tsari, babu manajan da ya sa hannu. Hajiya ta rufe fuska da mayafi, a nan ne ta fara kuka.

Washegari wata 'yar'uwarmu, irin waɗanda ba a gani sai a suna ko rasuwa, ta gyara zama a kan tabarma ta ce, "Allah sarki. Duk karatun nan na ƙasar waje, ya ƙare a gyaran tukunya." Na ɗago zan yi magana, mahaifiyata ta mintsine ni a cinya. Na haɗiye. Amma ni ba na iya haɗiye magana ta zauna lafiya, kowa a danginmu ya san halina. Abin da ban faɗa a kan tabarmar nan ba shi ne nake rubutawa yanzu.

Kawu ya yi karatun injiniya a nan gida, sannan aka tura shi waje ya zurfafa a kan abu guda: yadda mai da iska suke cakuɗuwa a cikin wuta mai hargitsi, da yadda za a koya wa kwamfuta ta lissafa wannan cakuɗuwar tun kafin a ƙyasta ashana. Mu yara ba mu san da haka ba. Abin da muka sani shi ne, shan shayi a gidan Kawu wahala ne. Zai karɓi kofin gilashi cike da baƙin shayi, ya ɗiga madara, ya hana ka taɓawa.

"Tsaya, uwata," yakan ce mini, don sunan kakarmu aka sa mini. "Kalli. Cokali ba ya haɗa komai. Cokali ja yake yi. Zai ja madarar ta zama zare, zaren ya naɗe, ya ƙara siriri, ya ƙara siriri, har ya kai inda ba zai iya riƙe kansa ba, sai ya narke. Can ne haɗuwar take, inda idonki ba ya kaiwa."

"Kawu, ya huce fa."

"Bari ya huce. Kin ga zaren?"

Daga madafa Hajiya za ta ɗaga murya, "Malam, don Allah a bar yara su karya!"

Sai da na shiga jami'a, na zaɓi karatun injiniya saboda shi, sannan na gane cewa mutumin nan darasin manyan malamai yake ba mu a kofin shayi. Yadda madara take a shayi haka mai yake a iska. Inda mai ya taru wuri guda bai sami iska ba, nan yake zama baƙin hayaƙi. In kuma aka ja zaren da ƙarfi fiye da kima, zafin zai watse kafin wutar ta kama, sai ta mutu. Tsakanin biyun akwai wata 'yar siririyar hanya, ita Kawu ya ƙarar da rayuwarsa yana nema. Wahalar kuwa ita ce kwamfuta ba ta iya bin waɗancan ƙananan zaruruwan ɗaya bayan ɗaya, sun yi yawa kuma sun yi ƙanƙanta. Dole a ba ta wata ƙa'ida da za ta ƙiyasta saurin narkewarsu. Wannan ƙa'idar ce sana'ar Kawu.

"Lissafina ƙiyasi ne," yakan ce. "Amma ƙiyasi ne mai kunya, ya san inda bai sani ba."

An so ya zauna can ya koyar. Ya dawo, ya kama aiki a wata masaƙa a Bompai. Ranar da aka rufe masaƙar ina gidan. Ya shigo tun rana ba ta yi zafi ba, ya zauna a soro, ko takalmi bai cire ba, har la'asar. Daga baya ya riƙa cin karo da mutanen da suka yi aiki a ƙarƙashinsa, wasu suna tura baro a Dakata, wasu suna lodin tirela. Yakan tsallaka titi ya gaishe su da sunansu, su kuma su sunkuyar da kai. Ya ce mini ba ya son ya ƙara ganin kwaɗo a jikin get ɗin kamfani har ya mutu. Daga nan ya yi wata majema a Challawa, inda warin fata ya bi shi har cikin aljihu, sannan ya dawo Sharada kusa da gida.

To, kwaɗon nan ne ya sake biyo shi a ƙarshen rayuwarsa.

Boilar kamfanin man girkin tsohuwa ce, baƙin mai take sha, kuma da ta ƙara tsufa sai hayaƙinta ya ƙara kauri. A da bayan katangar kamfanin gonaki ne. Yanzu gidaje sun zo har gindinta. Toka baƙa tana sauka a kan shanya, a kan tuwo, a cikin randa. Matan unguwa suka gaji, suka je wurin mai unguwa, magana ta kai hukumar da ke kula da muhalli. Jami'ai suka zo suka duba, suka ba da wa'adi: in suka dawo suka tarar da hayaƙin nan, za su rufe kamfanin. Duk mutanen da na gani a ƙofar gida ranar jana'iza, abincinsu yana rataye ne a bakin bututun nan.

Wadda ta jagoranci matan kuwa ba wata ba ce, Hajiya ce. Ina nan ranar da Kawu ya ji.

"Hajiya, ashe ke ce kika kai ni ƙara?"

"Ni ban kai ka ba, Malam. Hayaƙinka na kai."

"Hayaƙin nan shi ke ciyar da ke."

"Shi ne kuma ke sa jikanka tari har ya yi amai. Tun ina amarya kake gyara shi a cikin shayi. Je ka gyara na gaskiyar mu gani."

Ya yi fushi ya daina cin tuwonta. Ya koma sayen shinkafa da wake a bakin get, har cikinsa ya ɓaci ya dawo da kansa, ba wanda ya ba shi haƙuri. Da muka keɓe ya ce mini, "Ta fi ni gaskiya. In kika faɗa mata na ce haka, babu ni babu ke."

Rigima ta biyu da manaja ce, ɗan mai kamfanin, matashi mai saurin yanke magana amma ba mugu ba. Shi a ganinsa abin mai sauƙi ne: hayaƙi rashin iska ne, a sayo fanka babba a hura. Baba ne ya ba ni labarin. Ya ce Kawu ya zaro ashana a ofis, ya ƙyasta, ya miƙa ta gaban fuskar manaja.

"Ranka ya daɗe, hura a hankali."

Ya hura, wutar ta ƙara haske.

"To yanzu hura irin na babbar fankarka."

Ya hura, ta mutu.

"Wannan a hannuna ta mutu, ba komai. In ta mutu a cikin boila, mai yana ci gaba da feshi, ka san abin da ke biyo baya? Fashewa. Iskar da muke da ita ta ishe mu. Juya ta ne ba mu iya ba."

Manaja ya ce a ba Injiniya dama, amma ya sani lokaci yana tafiya.

Abin da Kawu ya tsara shi ne wani farantin ƙarfe mai fukafukai a karkace, da za a ɗaura a bakin da iska ke shiga, ya murɗa ta yadda za ta riƙa jan man tana naɗe shi. Duk maganar tana ga yawan karkatar fukafukan. In ta yi kaɗan, hayaƙi yana nan. In ta yi yawa, wuta ta mutu. A nan na shigo. Kawu ya san lissafin fiye da duk wanda na taɓa sani, amma ba shi da haƙuri da kwamfutocin zamani, yana danna su kamar ya kama ɓarawo. Duk safiyar Asabar sai in taso daga Zawaciki da tawa, mu zauna a falonsa. Shi yana faɗa, ni ina shigarwa, mu jira hoto ya fito. Hoton wuta ne mai launi-launi, ja inda mai ya taru, shuɗi inda iska ta yi yawa. Mu canja karkata, mu sake. Jan ya yi ta raguwa mako bayan mako. A Asabar ta ƙarshe ya ɓace gaba ɗaya, wutar ta fito gajeriya, dunƙulalliya, tana juyi a wuri guda.

Kawu ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya daɗe yana kallo.

"Uwata, kin gan ta?"

"Na gan ta, Kawu. Amma ku dubi nan. Mun yi kusa da inda za ta mutu fa. Kusa ƙwarai."

"Na gani. Can take zaune, ba ni na ajiye ta ba. Asabar mai zuwa mu sake lissafin sau ɗaya mu tabbatar."

Asabar ɗin ba ta same shi ba.

Bari in faɗi wani abu da ba a faɗa a zaman makoki. Ina jin haushin Kawu. Mutumin da ba ya yarda boila ta yi awa guda ba a duba agogon matsinta ba, nasa hawan jinin bai taɓa yarda a auna ba. Na saya masa na'urar awo, ya kwance ta don ya ga yadda aka haɗa. Hajiya ta yi magana har ta gaji. In an matsa masa sai ya yi dariya ya ce shi tsohon inji ne, in aka buɗe shi ba zai haɗu ba. Na san ajali ba ya jiran awo, na yi imani da haka. Duk da haka ina jin haushi, kuma ina kewarsa har ƙirjina yana ciwo.

Ranar sadakar uku, ana tsakiyar addu'a a ƙofar gida, wani mai walda daga Dakata ya tsaya da babur, da buhu ɗaure a baya. Bai ji labari ba. Ya ga rumfa da tabarmi, ya ɗan yi turus, amma ya kwance buhunsa ya matso.

"Salamu alaikum. Injiniya yana ciki? Ya ce in na gama in kawo masa da hannuna, kada in ba kowa. Ina ta kiran wayarsa a kashe."

Ya bi fuskokin mutane da kallo ɗaya bayan ɗaya, sai ya zauna a ƙasa a wurin, rungume da buhun, yana ta salati. Ashe Kawu bai jira Asabar ba, ya riga ya kai zanen. Halinsa ke nan, bakinsa yana cewa a tabbatar, ƙafarsa ta riga ta isa Dakata.

Aka shigo da buhun ɗakin Hajiya, inda take zaman takaba. Ta sa aka kira ni. Na buɗe, ga faranti sabo fil, har da sauran ƙaurin walda.

"Wannan ne?" in ji ta.

"Shi ne, Hajiya."

"Zai yi?"

"Ban sani ba. Bai gama dubawa ba."

Ta shafa fukafukan da yatsa, a hankali. Idonta ya kumbura, amma muryarta tana nan yadda na san ta.

"Ni na kai ƙarar nan, kuma ko yau aka ce in sake, zan sake. Amma ban ce a toshe wa mutane bakin abinci ba. Ke ce kika zauna da shi. Ɗauki ki je."

Na koma gida na sake lissafin da muka yi alkawari, ni kaɗai. Amsa ba ta canja ba: babu hayaƙi, amma a gab da mutuwa. Na sake, haka. Na so a ce akwai wanda zan juya in tambaya. Duk garin nan mutum ɗaya ne zai iya duban hoton nan ya ce mini ƙiyasin ya faɗi gaskiya ko ya yi ƙarya, kuma ga shi a ƙasa.

Wa'adi kuwa ya zo ƙarshe. Babu lokacin yin wani farantin. Na sami manaja da Baba a ɗakin boila. Manajan duk ya yi sanyi, ya ce shi bai san komai a nan ba, abin da na ce shi za a yi. Na dubi Baba, domin shi ne zai tsaya gaban wutar.

"Baba, in ta mutu fa?"

"In ta mutu na san abin yi, 'yata. In rufe mai, in bar fanka ta wanke ciki, in jira. Wannan ba ya ba ni tsoro. Abin da ban sani ba shi ne me zan ce wa mutanen nan in aka sa kwaɗo. Ni na tsufa, ba inda za a sake ɗaukata. Amma akwai masu goyo a cikinsu."

Na ce a ɗaura.

Aka kashe boila ta huce, aka ɗaura farantin. Muka kunna da sassafe, ranar da jami'ai za su dawo. Baba ya yi addu'arsa, na yi tawa. Ya bar fanka ta wanke ciki, na faɗa masa inda lissafi ya ce a tsayar da iska, ya tsayar a nan, ya buɗe mai. Wutar ta kama da wani irin tari. Ta yi baya, ta yi gaba, ƙararta tana yankewa tana dawowa. Na ga hannun Baba a kan makunnin mai, a shirye ya rufe. Na ji kamar in ce a kashe. Sai ƙarar ta daidaita, ta zama gurnani guda mai tsawo wanda ba ya rawa.

Akwai wata 'yar taga mai gilashi da ake leƙa wuta ta ciki. Na sa ido. Gajeriya, dunƙulalliya, mai haske, tana juyi a wuri guda. Ita ce. Wadda muka gani a falo, ba ƙari ba ragi.

Na fito da gudu na ɗaga kai. Babu komai a bakin bututun. Sai wata 'yar rawar iska mai zafi, wadda in ba ka ƙura ido ba ba za ka gani ba.

Ina tsaye a nan na ji hayaniya a waje. Na je bakin get. Lokacin shigowar masu aikin safe ne, amma babu mai shigowa. Sun taru can a bakin titi, cirko-cirko, kowa kansa a sama. Keke yana zuwa ya tsaya, na ciki su leƙo su kalli bututu, wasu ko sauka ba sa yi, sai su ce wa mai keken ya juya. Wata mata daga sashen galan ta zauna a bakin kwalbati ta ɗora hannu a ka. Mai kokon da ke sayar musu da karin kumallo ta fara haɗa kwanukanta. A Sharada da Challawa da Bompai duk wanda ya yi aikin kamfani ya san ma'anar bututun da ba ya hayaƙi: aiki ya tsaya, kwaɗo ya zo. Sun sha gani. Ba su taɓa ganin ya zo da wata ma'ana ba.

Mai gadi yana ta ihu, "Ku shigo! Ana aiki! Wallahi ana aiki!"

Wani dattijo ɗan Nijar ya ce, "Kada ka yi mana wasa da hankali, malam. Ina hayaƙin?"

Sai da Baba ya fito da kansa, zufa sharkaf, ya kama hannun dattijon ya ja shi har ciki, ya kai tafinsa kusa da bututun tururi. Mutumin ya janye hannu da sauri, ya yi kabbara. Sannan aka fara shigowa, a hankali, ana tafiya ana waiwayen sama. Aka bi waɗanda suka juya a waya.

Da hantsi jami'ai suka iso. Babbansu, wani mai furfura a gemu, ya sauko daga mota ya ɗaga kai, nan take fuskarsa ta ɓaci.

"Kun kashe boila ko?" ya ce wa manaja. "Kuna tsammani yau muka fara aikin nan? A kashe ranar da za mu zo, a kunna in mun tafi. Wannan ma ya fi hayaƙin muni a wurina."

Manaja ya ce, "Ranka ya daɗe, a shigo a gani."

Ya shiga a fusace. Zafi ya tare shi tun daga ƙofa. Ya dubi agogon matsi. Ya sunkuya ya leƙa 'yar tagar, ya daɗe a sunkuye. Ya fita ya kalli bututu, ya dawo ya sake leƙawa. Mutanensa suka hau bututun suka zura na'urarsu ta auna hayaƙi, suka sauko suka nuna masa. Ya juya ga manaja, muryarsa ta sauka.

"Babu maganar rufewa. Amma wa ya yi muku wannan aikin? A kira mini shi. Akwai wurare a Challawa da Bompai da nake so ya je ya duba musu, kafin mu kai ga sa musu kwaɗo."

Manaja ya dube ni. Ni na dubi Baba. Baba ya cire hularsa.

"Ranka ya daɗe, ya rasu. Makon jiya muka kai shi."

Jami'in ya tsaya kamar an dasa shi. Ya yi salati a hankali. Ya sake duban 'yar tagar, inda hasken ke fitowa yana wasa a jikin bango.

"Ya ga wannan kuwa?"

"Bai gani ba," in ji Baba.

Allah Ya jiƙan Kawu. Ya yafe masa taurin kansa da namu, Ya yalwata masa makwanci, Ya nuna masa abin da ya fi wannan kyau. Ya ba Hajiya da Baba haƙurin rashinsa. Mu da muka rage, in tamu ta zo, a zaune ko a tsaye, Allah Ya sa mu cika da imani.